Ƙwallon dabinon Baba

Lahadi, 3 ga Agusta, 2025

Ruwa tun kafin asuba. An ɗauke wuta da ɗigon farko, kamar kullum. Shanyar jiya na manta ban kwashe ba, sai da na sake matsewa. Khalifa ya tashi da mura, Abbansa ya ce kada a fita da shi, na ce Hajiya ce ta ce a kai mata shi, magana ta ƙare.

Mai adaidaita daga Hotoro zuwa Gwammaja ya faɗi kuɗin da sai da na sake tambayarsa ko da ni yake. Ya ce, "Hajiya, da ruwan saman nan nake tuƙa shi?" Na shiga.

Gida cike. Baffa ya zo da babban ɗansa, Yaya da Anti da yaransu, Ummi, ga Auta da abokansa biyu da ba sa taɓa kuskuren ranar da Hajiya take dambu. Baffa ya kawo ragowar dabinon aikin hajjinsa, wai yana tsoron kada ya yi tsutsa. Daga wannan dabinon komai ya taso.

Auta ne ya fara, kun san shi. Ko wanka zai shiga sai an tuna masa ya cire jar hular nan. Muna cin dabino yana karanto mana abin da sojojin baka suka faɗa a rediyo daren jiya, wai 2027 duk wanda bai zo ya durƙusa wa Madugu Kwankwaso ba ya haƙura da Kano. Ya haddace lissafin 2023 fiye da yadda ya haddace karatun makarantarsa: Kwankwaso 997,279, Tinubu 517,341, Atiku 131,716, Peter Obi 28,513. Yana faɗa yana buga cinya.

Yaya ya bari ya gama, sannan ya ce, "To a Nijeriya gaba ɗaya nawa ya samu?" Auta ya yi shiru. Yaya ya ce, "Miliyan ɗaya da rabi bai cika ba. Jiha ɗaya tal. Shugaban ƙasa kuwa sai ya samu kashi 25 cikin ɗari a jihohi 24. Da Kano kaɗai za ka shiga Villa?"

Baffa ya gyara zama. Shi tun zamanin lema yake tare da Waziri Atiku, kuma ko da Wazirin ya bar PDP a watan jiya bai ce uffan ba, ya bi shi kawai. Lissafinsa a yatsu yake. Ya ce Tinubu miliyan 8 da dubu 794 ya ci da su. Atiku ya kusa miliyan 7, Obi ya haura miliyan 6. A haɗa biyun nan, an wuce miliyan 13. Ya ce haɗakar nan ta ADC da aka ɗora David Mark a kai ba don komai aka yi ta ba sai don kada a maimaita wautar rabuwa uku. Yaya ya ce, "Baffa, ai a 2019 a haɗe suke, Atiku na sama Obi na mataimaki, kuma suka sha ƙasa. Yanzu kuma wa zai yarda ya yi wa wani mataimaki?" Baffa ya ce yaro bai san wuta ba sai ya taka.

Ummi, wadda tunda ta yi bautar ƙasa a Anambra ta dawo mana da wasu ra'ayoyi, ta ce ita dai Obi, ya ce zango ɗaya zai yi ya sauka, shekara takwas ɗin Kudu ta cika, mulki ya dawo Arewa a 2031 ba tare da rigima ba. Gaba ɗaya falon aka yi mata ca. Ɗan Baffa ya ce wane ɗan siyasa ne ya taɓa ɗanɗana kujerar nan ya tashi don ya yi alkawari. Ummi ta ce to Waziri fa, a Nuwamban baɗi zai cika 80, a kujerar zai yi tsufan? Baffa ya ce ta bar ganin yana wasa da ita.

Ni ce na kawo shawarar banzan. Na ce tunda kowa ya iya baki, a yi zaɓe. Kowa ya riƙe ƙwallon dabino ɗaya, a jera kofuna a sito, a saki labule, mutum ya shiga shi kaɗai ya jefa. Aka yi ta dariya. Ummi ta yago takarda ta rubuta sunaye huɗu ta liƙa. Sai Anti, wadda tun ɗazu ba ta ce komai ba tana ɓare wa yara gyaɗa, ta ce, "A sa wa Jonathan nasa kofin." Aka juyo ana kallonta. Ta ce ai ana ta raɗe-raɗin za a lallaso shi ya dawo, kuma ita ba ta manta ba, lokacin da ya sauka litar mai naira 87 ce. Yaya ya harare ta. Ta ce, "Ni ce nake zuwa kasuwa, ba kai ba." Kofi ya zama biyar.

Mu goma sha ɗaya ne manya. Khalifa aka naɗa baturen zaɓe, yana tsaye bakin labule da majina yana cewa "na gaba". Hajiya ta ce ita a ƙyale ta da shirme, amma ta goge hannu ta shiga. Baba yana kan kujerarsa ta bakin taga da rediyonsa a kashe a cinya, Auta ya kai masa dabino har hannu, ya ci, ya tashi a hankali ya shiga siton shi ma. Ya ɗan jima a ciki. Ban kawo komai a raina ba.

Da aka zo ƙirga: Kwankwaso huɗu, Atiku biyu, Jonathan biyu, Tinubu ɗaya, Obi ɗaya. Auta ya yi tsalle har hular ta faɗi. Yaya ya ce da ma an yi safarar masu zaɓe daga waje, yana nuna abokan Auta da ke sharɓar dambu. Ummi ce ta lura. Ta ce goma ne. Aka sake ƙirgawa, aka duba ƙasan buhun masara ko ɗaya ta gangara. Goma. Auta ya fara ihun maguɗi, ana ta sheƙa dariya, ana tuhumar baturen zaɓe ko ya haɗiye.

Sai Baba ya ce, "Ku bar yaro. Tana aljihuna."

Dariyar ba ta tsaya nan take ba, a hankali ta mutu. Baffa ya ce wa Baba, "Haba Yaya, wasa ne fa." Baba ya ce ya san wasa ne. Ya ce ya tsaya gaban kofunan nan biyar ya karanta sunayen ɗaya bayan ɗaya, hannunsa ya ƙi.

Sannan ya tambayi abin da na yi ta addu'ar kada ya tambaya. Ya ce Jonathan biyu, ɗaya ta matar Yaya ce, ɗayar fa? Kowa ya sunkuyar da kai. Hajiya daga ƙofar kicin ta ce, "Ni ce, Malam." Ba ta ƙara ba, shi ma bai ƙara ba. Ya kalle ta kawai, ya kunna rediyonsa, ya rage murya.

Wanda bai taso a gidanmu ba ba zai gane nauyin wannan ba. Yau sati uku cif da rasuwar Buhari a Landan. Ranar da aka binne shi a Daura Baba bai fita kasuwa ba, ya zauna gaban talabijin har aka gama, bai yi wa kowa magana ba. Mutumin nan ya zaɓe shi a 2003 da 2007 a ANPP, ya bi shi CPC a 2011, ya zaɓe shi a 2015 da 2019. Ina tuna 2015, lokacin "a kasa, a tsare, a raka", Baba bai dawo gida ba sai tsakar dare, ƙafarsa duk ƙura, muryarsa ta dishe. Kano kaɗai ta ba Buhari ƙuri'a miliyan 1 da dubu 900 a shekarar. Hajiya da kanta ta dafa shinkafa aka yi sadaka a ƙofar gida ranar da Jonathan ya buga waya ya amince da faɗuwa. Wannan Hajiyar ce yau ta jefa masa ƙwallo a kofi.

A 2023 kuma, duk da Auta ya yi ta masa magiya, Baba tsintsiya ya dangwala. Dalilinsa ɗaya: Buhari ya ɗaga takardar ƙuri'arsa a Daura ya nuna wa duniya wanda ya zaɓa. Ya ce in Mai Gaskiya ya nuna hanya shi ba zai tsaya tambaya ba. Wata uku bayan nan, ranar rantsuwa, 29 ga Mayu, aka ce tallafin mai ya tafi. Man da ake saya ƙasa da naira 200 yau ya haura 800. Tun daga lokacin ban sake jin Baba ya yi gardamar siyasa da kowa ba. In an zagi gwamnati a gabansa sai ya ce Allah ya kyauta. In an zagi Buhari sai ya tashi ya yi alwala.

Kullum yanzu a rediyo da Facebook maganar ɗaya ce, wa zai gaji ƙuri'a miliyan 12 ta Buhari. Kamar gona ce da za a kira malami ya raba, wannan ya ɗauki tumuni wancan ya ɗauki sudusi. To ni dai ɗaya daga cikin miliyan 12 ɗin nan na gan ta yau, tana aljihun wata tsohuwar shadda ruwan toka. Ai ko yana raye ba ta gadu ba: a 2023 Katsina, jiharsa, Atiku ne ya cinye ta da ɗan ƙaramin rata, Kano ta bi Kwankwaso. Mutumin mutane suke bi, ba su taɓa cewa sun sayar wa jam'iyya da kansu ba.

Bayan la'asar na kai masa shayi. Falon ya watse, maza sun fita masallaci ba su dawo ba, ana jiyo Auta a waje yana ci gaba da bikin nasara. Na zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa. Na ce, "Baba, ko Kwankwaso ba za ku iya ba? Ai ya kai yara karatu waje, ya yi gadoji, kun sani." Ya ce ya sani, kuma ba ya raina aikin kowa. Na ce Atiku fa. Ya yi murmushi ya ce wannan na Baffanki ne. Na ce to in ranar ta zo, zama za ku yi a gida?

Ya juya kofin a hannunsa. Ya ce, "Uwata, sau shida ina shiga layi. Biyar na zaɓi wanda na yarda da shi, ɗaya na zaɓi wanda aka ce in yarda da shi. Wanda na yarda da shi ɗin ma, da ya hau, kin ga yadda aka yi. Yanzu in na ce miki ga mutumin kirki, da wane bakin?"

Ban sami amsa ba. Na ce shayin ya yi sukari? Ya ce ya yi.

Abin da yake cina tun a hanya shi ne nawa ƙwallon. Kwankwaso na jefa wa, na huɗun nan ni ce. Kuma in zan faɗi gaskiya a nan, tunda Auta ba ya karanta abin da nake rubutawa, ban jefa don na zauna na auna ba. Na shiga sito, na ga kofuna, na tuna Abban Khalifa can yake, Auta can yake, rabin unguwarmu can suke, hannuna ya tafi da kansa. Ko daƙiƙa biyar ban yi ba. Baba ya fi minti biyu a tsaye a wurin. Ina ta yi wa Ummi dariya da Obinta, amma ita aƙalla in aka tambaye ta dalili tana da abin faɗa. Anti ma tana da nata, farashin kasuwa. Ni da na kawo shawarar zaɓen ni ce ba ni da ko ɗaya.

A 2023 mutum sama da miliyan 93 ne suka yi rajista, waɗanda suka fito ba su kai miliyan 25 ba. Da nakan ɗauka duk waɗanda ba su fito ba 'yan ba-ruwana ne, masu kwana ranar zaɓe. Ban taɓa kawo fuskar Baba a cikinsu ba.

Mun dawo gida bayan magariba. Wuta ba ta dawo ba. Gas ya kusa ƙarewa, na ji a nauyin tukunyar. Khalifa ya ƙi shan magani sai da aka kira shi baturen zaɓe.

Na duba katin zaɓena, ban san me ya sa ba. Yana cikin tsohuwar jakar da nake ajiye katin awo, hoton ya yi duhu kamar ba ni ba. Har yanzu rumfar Gwammaja ce a jiki, ta bayan makarantar firamare, layi ɗaya da na Baba, ban taɓa canzawa ba tun da na yi aure.

Wajen ƙarfe tara Hajiya ta kira. Wai kofinta ɗaya mai fure bai dawo kicin ba, in tambayi Khalifa. Na ce zan duba jakarsa. Har za ta kashe na ce, "Hajiya, Baba ya ci tuwo?" Ta ce ya ɗan taɓa. Ta yi shiru, sannan ta ce ita fa wasa ta ɗauka, da ta san zai tambaya da ta jefa wa Auta nasa ta huta. Na ce ai ya wuce. Ta ce gobe za ta yi masa wanki, in ta ga abin a aljihu ta yar ko ta bar masa?

Na ce ta bar masa a kan taga. Kofin yana jakar Khalifa, da sunan Obi liƙe a jiki.