Godiya ga duk waɗanda suka tsaya mana a jinyar Baba

Assalamu alaikum. Alhamdulillahi jiya aka sallamo Baba daga asibiti bayan kwana 12, yanzu haka yana ɗakinsa, hannun dama bai gama dawowa ba amma yana iya riƙe carbi, magana ma ta fara fita ana ganewa. Kiranku da saƙonninku duk na gani, wallahi ko rabi ban samu na amsa ba, shi ya sa na ce bari in rubuta a nan.

Ga waɗanda ba su ji ba, shanyewar ɓarin jiki ce. Ya dawo daga sallar asuba Hajiya ta miƙa masa shayi sai kofin ya suɓuce, baki ya karkace, yana son ya yi magana harshe ya ƙi. Muka tsaya ana tofi ana shafa masa man zafi wai ko iska ce, sai bayan azahar muka kai shi. Likita ya ce allurar narkar da gudan jinin ana yin ta ne cikin awa huɗu da rabi da fara ciwon, mu mun riga mun wuce. Wannan abin har yau yana ci min rai.

Godiyata ta farko ga likitan da ya karɓe mu ce, kuma ina neman afuwarsa. Da aka gwada jinin Baba ya kai 198/104, aka yi hoton kai aka kwantar da shi, dare ya yi ba a ba shi maganin hawan jini ko ɗaya ba, ni kuma ina tsaye idona a kan na'urar nan lambar ta ƙi sauka, raina ya ɓaci na ɗaga masa murya a gaban mutane na ce so kuke sai ya mutu? Bawan Allahn nan bai yi fushi ba. Ya ja ni gefe ya ce Malam, hoton ya nuna jijiya ce ta toshe, ba fashewa ta yi ba, kuma a kewayen inda ya lalace akwai ƙwaƙwalwar da take raye da ɗan jinin da ke lallaɓawa ta ƙananan hanyoyi, idan muka sauke jinin yanzu kamar ka rage ƙarfin famfo ne ruwa ya kasa hawa tanki, wurin ma sai ya mutu. Ya ce wanda ba a yi wa allurar nan ba, a kwanakin farko ba sa taɓa jinin sai ya haura 220/120, ko in zuciya ko ƙoda sun shiga matsala, ko a nan ma a hankali ake saukewa, kamar kashi 15 cikin 100 a yinin farko. Da jijiya ce ta fashe, lissafin daban ne.

Jikina ya yi sanyi, domin a daren wani ɗan'uwa ya kawo ƙwaya daga kemis wai a sa masa ƙarƙashin harshe jinin ya faɗi nan take, saura kaɗan in yarda. Allah ne ya kiyaye.

Sista mai aikin dare, Allah ya saka miki da Aljanna. Ita ta hana mu ba shi ko ruwa sai an gwada haɗiyarsa don kar ya sarƙe ya tafi huhu, ita ke juya shi duk bayan awa biyu. A kwana na uku aka fara ba shi maganin hawan jini mai suna amlodipine kaɗan ana ƙarawa sannu a hankali, da asfirin da maganin kitsen jini. Jiya da safe jinin nasa 138/84, an ce so ake ya zauna ƙasa da 130/80.

Kawu da ya biya kuɗin hoto ba tare da an roƙe shi ba, maƙwabcinmu da ya fito da motarsa, jama'ar masallacin unguwa da abokan Baba na kasuwa da suka haɗa gudummawa, ƙanwata da ta bar 'ya'yanta ta tare a asibiti, Allah ya biya ku, ya raba ku da ganin irin wannan rana.

Baba ya fi shekara da ajiye maganinsa na hawan jini saboda ba ya jin komai a jikinsa, mu ma ba mu matsa masa ba. Yanzu mun sayi abin gwaji, safe da yamma muna rubutawa a littafi don mu kai wa likita. Masu zuwa dubiya don Allah kar a kawo kilishi ko tsire, an ce gishirinsa na yini ɗaya kar ya kai ƙaramin cokali, magi ma Hajiya ta koma daddawa. Kar kuma a kawo jiƙo ko wani magani sai likita ya sani. Ku zo bayan la'asar, da safe mai gashi yana zuwa motsa masa hannu da ƙafa. Na gode, a ci gaba da sa shi a addu'a.