Asabar: kaset, biro da gardamar Commodore

Yau na cika wa ɗana Sadiku alkawarin da na daɗe ina ɗage masa, na kai shi taron masu tara tsofaffin kwamfutocin gida da ake yi a wani ƙaramin zaure a nan Kambirij ta Ingila. Garin ya dace da irin wannan taro, domin a nan kamfanonin Sinclair da Acorn suka yi tashensu, kuma a hannun Acorn aka samu ƙirar guntun kwamfuta mai suna ARM a 1985, wadda jikokinta ke cikin kusan kowace wayar da mahalarta suka shigo da ita a aljihu.

Mun fi daɗewa a teburin wani dattijo Bature mai ZX Spectrum, baƙar na'ura mai maɓallan roba wadda ba ta wuce faɗin littafi ba. Ya ce mahaifinsa ne ya saya masa ita a 1982 a kan fam 175, kuma har yau bai rabu da kwalinta ba. Ya jona ta da rikoda, ya sa kaset, sai wani ƙara mai kama da kukan gyare ya cika wurin, layuka shuɗi da rawaya suna rawa a gefen talabijin. Sadiku ya toshe kunne ya ce, "Baba, ta lalace ne?" Na ce masa wasan ne yake shiga cikinta ta hanyar sauti. Bayan mun yi kusan minti huɗu muna jira, sai ta ƙi ɗauka, ashe zaren kaset ɗin ne ya saki. Ban san lokacin da na zaro biro na zura a ramin kaset ɗin na fara naɗewa ba, kamar yadda muke yi wa kaset ɗin wa'azin mahaifinmu a Kano idan rediyo ya tauna shi. Dattijon ya yi dariya, ya goge kan rikodar da auduga, ya ɗan murɗa wata ƙusa da ƙaramar sukundireba, kuma a karo na biyu wasan ya shiga.

Maganar da ta mamaye zauren ita ce ta Commodore, kamfanin da ya fitar da Commodore 64 a 1982 a kan dala 595, sannan ya durƙushe a 1994. A 2025 Christian Simpson, wanda aka sani a YouTube da sunan Perifractic, ya jagoranci sayen sunan kamfanin, aka kuma sanar da sabuwar na'ura mai suna Commodore 64 Ultimate, wadda ke kwaikwayon tsohuwar da sababbin kayan ciki kuma take shiga talabijin na zamani kai tsaye. Wasu suna murna cewa mai sha'awa ya huta da farautar kayan gyara da suka yi wuya, musamman guntun sauti na SID, wasu kuwa suna cewa riga ce kawai aka aro. Ni ban tsoma baki ba, amma zuciyata ta fi karkata ga masu gyara, domin na lura cewa jama'a sun fi cincirindo a teburin da aka buɗe cikin na'ura ana bin wayoyinta ɗaya bayan ɗaya.

Kafin mu fito Sadiku ya zauna gaban wata tsohuwar kwamfuta mai suna BBC Micro, aka koya masa layi biyu na BASIC, harshen da ake ba kwamfuta umarni da shi, sunansa ya riƙa gangarowa a allo ba tsayawa har sai da aka nuna masa maɓallin da ke dakatar da shi. A cikin bas ya roƙe ni in saya masa sabuwar Commodore. Na ce masa za mu fara neman matacciyar Spectrum mai araha, kuma na riga na karɓi lambar dattijon nan.