Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: Dokin Yumɓu a Katin Sallah

A makon jiya na tsaya a inda aka sallame ni daga shagon hoto, ana saura wata ɗaya azumi. Zaman gida ya ishe ni, sai hannuna ya koma ga abin da ya saba tun ƙuruciya, wato gina shanu da dawaki da laka. Amma wannan karon da manufa: in gina Hawan Daushe, in ɗauke shi hoto, in buga katin barka da Sallah.

Dawaki shida na fara ginawa, duk suka tsattsage, domin a rana na shanya su. Na kwashi gutsattsarin na kai wa wata tsohuwa mai ginin tukwane a bayan layinmu. Ta murza yumɓun a yatsunta, ta ce, "Ɗan nan, ka daka tsingaro ka haɗa, sannan ka rufe su da jiƙaƙƙen tsumma a inuwa." Sai ta kwance bakin zanenta ta nuna mini Ladi Kwali a bayan naira 20, macen da ta fara shiga makarantar tukwane ta Suleja a 1954. Har yau ina jin nauyin wannan karamcin.

Na bi maganarta. Ƙafafun doki ne suka fi ba ni wahala, sai da na sa musu siririyar waya a ciki. Sirdi da linzami da tsinke na zana su, dogarai kuma na shafa musu ja da kore.

Kawu ya leƙo ya ga aikin, ya ɓata rai a kan batun mutum-mutumi. Ban yi masa musu ba. Na naɗa wa kowane mahayi rawani, amawali ya rufe fuskar baki ɗaya.

Ranar hoto na shimfiɗa rairayi a faranti kusa da taga, da hantsi. Daga sama sun fito kamar kayan wasan yara. Sai na kwanta rub da ciki, na ajiye wayar salulata a ƙasa daidai kofato, ƙanwata ta hura toka ta gefe. Da na duba, wallahi sai ga doki a cikin ƙurar Ƙofar Kudu, alhali bai wuce tsawon yatsana ba.

Yadda muka kwashe da mai buga katin, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.