Ruwan Ganye a Matsayin Maganin Ciyawa

Duk manomin da gonarsa ta yi iyaka da bishiyoyin turare ya san cewa ciyawa ba ta yin ƙarfi a gindinsu, haka ma shuka. Inuwa da gasar neman ruwa suna da hannu a ciki, amma ganyen da ke zuba ma yana ɗauke da sinadarai masu hana iri tsirowa. Tun 1937 masanin tsirrai ɗan ƙasar Ostiriya, Hans Molisch, ya yi rubutu a kan yadda wani tsiro ke danne wani ta wannan hanya, kuma daga nan aka fara tambayar ko za a iya tatso waɗannan sinadarai a fesa wa ciyawa.

Amsa mafi ƙarfi ta fito daga Kalifoniya a Amurka. A 1977 wani mai bincike na kamfanin Stauffer ya lura cewa ciyawa ba ta fitowa a gindin wata bishiyar ado mai jan fure da ake kira Callistemon. Da aka gano sinadarin da ke yin wannan aiki, sai aka ga ƙarfinsa bai kai a fesa shi a gona yadda yake ba, don haka aka shafe shekaru ana sarrafa shi har aka samar da maganin Callisto, wanda kamfanin Syngenta ya fitar a 2001 domin gonakin masara.

Misalin da ya fi kusa da halinmu shi ne na Jami'ar Aikin Gona ta Faisalabad a Pakistan, inda Farfesa Zahid Ata Cheema da abokan aikinsa suka riƙa daddatsa busasshen karan dawa da ganyensa, su jiƙa shi kwana guda, su tace, sannan su fesa ruwan a gonar alkama. Ciyawa ta ragu, amma ba ta mutu duka ba. Abin da ya fi jan hankalina shi ne cewa idan aka haɗa ruwan da kusan rabin maganin kanti, sakamakon yakan kusanci na cikakken feshi. Ga manomin da kuɗin magani da na 'yan ƙwadago suka sha masa kai a lokacin firi da maimai, rage rabin magani babban sauƙi ne, ga shi kuma yana rage yawan gubar da mai feshi ke shaƙa. Sai dai a wurinmu kara ba abin zubarwa ba ne, domin da shi ake ciyar da dabbobi, a yi danga, a hura wuta. Ganyen darbejiya ya fi shi samuwa, kuma masu bincike a Samaru ta Zariya sun gwada darbejiya da ɗorawa a kan ciyawar wuta-wuta a gonar dawa.

Damuwata ita ce yawancin gwaje-gwajen da ɗalibanmu ke yi suna tsayawa a ɗakin bincike: a zuba ruwan ganye a kan iri cikin faranti, a ga bai tsira ba, a rubuta cewa an samu magani. A gona kuwa rana tana lalata sinadarin, ƙwayoyin halittar da ke cikin ƙasa suna cinye shi, ruwan sama guda ɗaya yana iya wanke shi. Sannan ruwan da ya hana ciyawa tsirowa yana iya hana gero ko wake, tunda ba ya tantance shuka da ciyawa.

Saboda haka nake son a fitar da gwajin zuwa gonakin manoma, a jigawa da fadama, damina biyu ko uku a jere, a auna buhu nawa na ganye kadada ɗaya ke buƙata, wa zai tara shi, ruwa nawa za a ɗebo, kuma a auna amfanin gonar da aka girbe tare da ciyawar da ta ragu.