Ruwan jiya da na manta a lissafi

Aikin farko da aka danƙa mini shi ne in gwada a kwamfuta yadda shuke-shuke da ramukan shanye ruwa za su rage ruwan saman da ke malala a titunan wata unguwa. Manhajar da muke aiki da ita ita ce SWMM, wadda hukumar kare muhalli ta Amurka ta fitar tun 1971, kuma a cikinta ana iya saka lambun tara ruwa, da rufin gini mai ciyawa, da daɓe mai ƙananan kafofi wanda ruwa ke ratsawa. Tushen lissafin a fili yake: kwalta na tura wajen kashi 90 cikin 100 na ruwan da ya sauka a kanta zuwa magudana, fili mai ciyawa a ƙasar rairayi kuwa kashi 10 zuwa 15 kawai yake saki.

Na saka ruwan sama na rana ɗaya, sakamako ya fito gwanin sha'awa, na kai wa babban injiniyanmu ina taƙama. Ya daɗe yana duba takardar, sannan ya ce, "Malam, ruwan jiya fa, ina ka kai shi?" Ashe na bar ƙasar a bushe ƙamas kafin saukar ruwan, alhali a tsakiyar damina ruwa kan tarar da ƙasa ta riga ta ƙoshi, ramukan ma ba su gama tsanewa ba. Da na sake lissafin da bayanan ruwan sama na shekaru a jere, sai ribar da nake alfahari da ita ta ragu matuƙa a ranakun da aka jera ana ruwa.

Ƙasar kanta ma sai da ta ƙaryata ni. Jadawalin manhajar ya nuna yashi na shanye ruwa sama da milimita 100 a awa, yumɓu kuwa ko milimita 1 bai kai ba, ni kuma daga taswira na zaɓi adadina ina zaune a ofis. Ranar da muka je filin, muka kafa zobba biyu na ƙarfe, ƙarami a cikin babba, muka cika su da ruwa, na tsuguna da ma'auni da agogo. Ruwan ya tsaya cik kamar a kwano, domin manyan motocin gini sun daɗe da danne wurin. Akwai kuma wani gurbi a manhajar na saka adadin toshewar daɓe, wanda idan aka bar shi a sifili manhajar ke ɗauka cewa ƙura da laka ba za su taɓa cike kafofin ba. Nawa a sifili yake.

A ganina, amfanin waɗannan lambuna da ramuka da daɓe yana ga ruwa matsakaici mai yawan sauka, shi ya sa irin wannan shirin da birnin Filadelfiya na Amurka ya fara a 2011 ya ɗauki milimita 25 na farko na ruwan sama a matsayin ma'auni. Ruwa irin na Zhengzhou a ƙasar Sin, inda milimita 201.9 suka sauka cikin awa ɗaya a ranar 20 ga Yulin 2021, ba lambun da zai shanye shi. Wannan aikin manyan magudanai ne da filayen da aka keɓe wa ambaliya.

Yanzu kowane rahoto nawa yana fita da sakamako uku: na busasshiyar ƙasa, da na jiƙaƙƙiya, da na daɓen da ya shekara biyar ba a share shi ba. Masu ba da kwangila sun fi son na farkon, amma da na ukun nake auna faɗin kwalbati.