Filtar Mai da Masu Wasu-wasin Mota

A duk kayan da ake canza wa mota, ban ga wanda ake rainawa kamar filtar baƙin mai ba. Mai mota zai kawo juye, wato canjin baƙin mai, ya tsaya a kan yaro har sai an ɓalle murfin galan a gabansa don kada a zuba masa jabu, amma da an zo kan filta sai ka ji ya ce, "Sa kowacce ce, ai duk ɗaya ne." Na daɗe ina kanikanci a Kano, kuma yawancin abin da na sani game da lafiyar inji da halin masu motoci, a wajen wannan ɗan gwangwanin na tsince shi.

Sai ka san cikinta kafin ka san abin da kake dubawa. Mai yana shiga ta ƙananan ramukan da ke kewaye da bakinta, ya ratsa wata takarda mai ninki-ninki daga waje zuwa ciki, ya fita ta babban ramin tsakiya mai zare, daga nan ya tafi wajen kuranshaf, wato sandar da fistin ke juyawa, da metal ɗin da take kwance a kai, da saman inji. Akwai wata roba a bayan ƙananan ramukan, aikinta ta hana mai zurarewa ya koma kasko, wato matattarar mai da ke ƙasan inji, idan an kashe mota. Idan ta ƙandare, shi ne za ka ji inji yana ƙara-ƙara da safe na ɗan lokaci kafin ya yi shiru. Sannan akwai wani bawul a ciki, wanda shi ne mutane ba su sani ba. Idan takardar ta toshe, ko mai ya yi kauri saboda sanyin asuba, sai ya buɗe ya bar mai ya wuce ba tare da an tace shi ba, domin waɗanda suka ƙera injin sun ga gara mai datti da a ce babu man gaba ɗaya. Ke nan filta za ta iya mutuwa murus tana ɗaure a jikin mota, direba bai ga alamar komai ba. Jar fitilar mai da ke gaban direba ƙarfin turin man take aunawa, ba ruwanta da tsabtarsa.

Maigidan da na yi koyo a hannunsa ba ya barin a ɗaura filta daga kwali kai-tsaye. Sai an miƙa masa. Zai juya ta a hannu, ya shafa jikinta da babban yatsa yana neman lotsawa, ya girgiza ta kusa da kunne, ya leƙa ramin tsakiya ko akwai tsatsa ko ɓurɓushin ƙarfe a zaren, ya danna robar bakin ya ga ko ta zauna daidai a gurbinta. Filtar da ta faɗi ta lotsa, ko yaya, mayar da ita yake yi. A lokacin muna ganin tsanani ne kawai. Daga baya na gane dalili: gwangwanin siriri ne, kuma turin mai yana bugunsa dare da rana, yana hawa yana sauka, to daidai wurin da ya lotsa nan ne yake fara tsagewa. Ba ranar zai tsage ba. Sai mota ta miƙa hanyar Zariya ko ta Maiduguri tana gudu.

Tsohuwar kuwa, da yaro ya kwance ta, tambayarsa ɗaya ce: "Ina robarta?" Sai yaro ya nuna masa ita a bakin filtar kafin ya yarda a ci gaba. Wani lokaci robar takan maƙale a jikin inji, kuma da yake baƙa ce a wuri mai baƙin mai, ido ba ya kama ta. Idan aka ɗaura sabuwa a kai, roba ta hau roba, za a tayar da mota lafiya lau, mai ita ya biya ya tafi, can a gaba ɗaya ta fice man ya tsiyaye ƙasa cikin ƙanƙanin lokaci. Na ga injin da ya buga ta wannan hanya, an jawo motar da igiya daga wani gareji, mai ita yana ta rantsuwa cewa jiya-jiyan nan ya yi juye. Gaskiya ya faɗa.

Ɗaurin ma da hannu ne. A shafa wa robar ɗan sabon mai, a murɗa har ta taɓa jikin inji, a ƙara kamar kashi uku cikin huɗu na zagaye, shi ke nan. Yara suna son sa mata sifana mai sarƙa su danne da ƙarfi don a ce sun yi aiki, sai wanda zai kwance a gaba ya ƙare da soka mata sukudireba yana tsinuwa.

Maganar jabu ba sai na ja ta ba. Duk wanda ya shiga kasuwar kayan mota, ko Ƙofar Ruwa ce ko Panteka ta Kaduna ko Ladipo ta Legas, ya san kwali ɗaya yakan zo da farashi uku, kuma ɗan kasuwa mai tsoron Allah zai tambaye ka ta wane kuɗi kake so. Bambancin yana ciki: takarda kaɗan ce, gam ɗin da ya riƙe ta ba ya jure zafi, wata ma bawul ɗin hoto ne kawai. Araha ba ta ado.

Yanka tsohuwar filta a karanta cikinta kuwa, ba a gareji na koya ba. Wani dattijo ne da ke kawo mana motarsa, wanda ya yi karatun gyaran jirgi a kwalejin koyon tuƙin jiragen sama ta Zariya, ya ga yaro zai jefa filtarsa cikin tarkace ya ce a dakata. Ya ce su a ƙananan jirage masu fistin, duk juye sai an yanka filta an duba, domin a sama babu gefen titi da za a faka. Ya hana a sa zarto, saboda garin ƙarfen yankan zai zuba ciki ya rikita abin da ake nema. Da abin yanka bututu aka zagaye ta daga wajen baki. Ya zare takardar, ya matse man a cikin tsumma, ya warware ninkin a rana kan murfin kwali, sannan ya bi ta da mayen ƙarfe a hankali, ninki bayan ninki.

Abin da ake gani iri-iri ne. Baƙin toka mai murƙushewa a yatsa ba komai ba ne, ragowar ƙuna ce. Ƙyallin da ya bi mayen ƙarfe daga ƙarfen inji yake, irin su ringi ko kamshaf ko kuranshaf. Mai launin jan gaci wanda bai bi ba, yawanci metal ne ya cinye har ƙasa, kuma wannan shi ne mai tayar da hankali. Fari mai sheƙi da bai bi ba, sanholo ne, sau da yawa daga fistin. Wani lokaci ka tarar da guntayen gam, shaidar cewa wani ya lafta shi da yawa lokacin rufe kasko. Idan kuwa man da ke ciki ya koma kalar shayi mai madara, ruwa ya shiga, sai a tuhumi gaskit, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa. Sai dai dattijon ya ja mini kunne da abu ɗaya: babu injin da ke aiki bai zubar da ɗan ƙyalli ba, musamman wanda aka yi wa ringi kwanan nan. Abin lura shi ne yawa, da girma, da ko yana ƙaruwa daga wannan juye zuwa na gaba.

Wannan jan kunnen ne ban ga amfaninsa sosai ba sai da na haɗu da masu wasu-wasi. Kowane bakanike yana da irinsu. Nawa wani ma'aikaci ne mai Camry, mutumin kirki, mai biya ba gardama. Tun ranar da ya ga na yanka filtar wani, bai sake samun barci ba. Mota ba ta yi kilomita 1,000 ba zai dawo juye. Kullum da sabon abin zubawa a inji da ya gani a intanet, wannan na wanke ciki, wancan na ƙara kauri. Yakan turo mini hoton sandar awon mai ta WhatsApp bayan sallar isha, yana tambaya ko wannan launin daidai ne. Ya fara tara tsofaffin takardun filta a leda, kowacce da kwanan wata. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, in ji Hausawa.

Ni kasuwa ce ta buɗe mini, amma abin ya dame ni, domin duk buɗewa da rufewa tana cin wani abu. Zaren notin kasko yana da iyakar kwancewa da ɗaurewa kafin ya gaji. Irin motarsa kuma ba ta gwangwani take amfani da ita ba, takarda ce tsura da ake sakawa cikin murfi mai robar zobe, kuma yawan taɓa wannan murfin shi ke kawo yoyo. Wata rana ya zo a yanka masa, sai na ce, "Alhaji, in tambaye ka mana. Idan muka ga ɗan ƙyalli biyu, za ka yarda a sauke injin?" Ya ce, "Haba Malam, injin da ke lafiya?" Na ce, "To idan ba mu ga komai ba, hankalinka zai kwanta?" Ya yi shiru, sannan ya yi dariya ya ce sai dai na mako guda. Na ce masa ai kuwa duban da ba zai canza abin da za ka yi ba, ko ka ga abu ko ba ka gani ba, ba motar ake yi wa ba.

Abin haushin shi ne, a lokacin da yake ƙirga ƙyalli a takarda, ruwan famfo ne a lagiretonsa. Man burkinsa tun daga inda aka sayo motar yake. Bai taɓa karanta lambobi huɗun da ke gefen taya ba, waɗanda biyun farko suke nuna mako, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta, alhali tayoyin sun fara tsattsagewa. Filtar iska kuwa hura ta ake yi da iskar falkanaiza ana mayarwa, a garin da hunturu ke kwaso mana ƙura tun daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi. Ƙurar da ta wuce filtar iska ita ke goge ringi da silinda, kuma kafin filtar mai ta kama ta, ta riga ta yi ɓarnarta. Na lura masu wasu-wasi sukan kama abu ɗaya mai daɗin dubawa su manne masa. Burki da taya ba su da daɗin dubawa, sai dai su ne ke kashe mutum, baƙin mai kuwa aljihu yake kashewa.

Ɗaya ɓangaren, wato masu raina filta, ba na ganin laifinsu da yawa. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 kuma naira ta faɗi, direbobin haya da yawa sukan ce a canza mai a bar filta, ko a wanke ta da fetur a mayar. Wankin ba ya fitar da abin da ya shige cikin takarda, sai dai ya lalata ta. Nakan ce musu in dai kuɗin ba zai kai ba, a rage a wani wurin, domin filtar ce mafi araha a cikin lissafin.

Lissafin lokacin juye ma akwai ruɗu a ciki. Motocin da ake shigowa da su daga Amurka mil suke ƙirgawa, ba kilomita ba, kuma mil 5,000 ya kai kimanin kilomita 8,000. Littafin Toyota na can ya yarda wa motoci da dama masu shan baƙin mai mara kauri mai lamba 0W-20 su kai mil 10,000, amma shi da kansa ya ce a koma mil 5,000 ko wata 6 idan ana bin hanya mai ƙura, ko gajerun tafiye-tafiye, ko yawan tsayuwa inji na aiki. Wannan ai tuƙin cikin Kano aka siffanta. Ni nakan ba da shawarar kilomita 5,000 ga wanda ba shi da tabbacin ingancin man da yake saye. Kuma a duba murfin inji ko littafi a zuba abin da aka rubuta. Ɗura wa injin zamani mai mai kauri irin 20W-50 don wai ƙasarmu da zafi, al'ada ce da muka gada daga zamanin Peugeot 504, kuma ƙananan hanyoyin man injin yanzu ba don shi aka yi su ba.

Yanzu ina yanka filta ne idan akwai tambayar da nake neman amsarta: za a sayi mota ta hannu, ko an yi aikin inji ana son ganin yadda ya zauna, ko wata sabuwar ƙara ta ɓullo, ko jar fitila tana ƙyaftawa idan inji ya yi zafi a tsaye. In ba haka ba, in duba sabuwa kafin ɗauri, in nemi robar tsohuwa, in tayar da mota in leƙa ƙasa ko akwai ɗiga, sannan in rubuta kwanan wata da kilomita a ɗan kati a maƙale cikin mota. Da Alhaji mai Camry mun yi yarjejeniya cewa ba zan taɓa notin kaskonsa ba sai lambar da ke katin ta cika. Kuɗin juyen da ya rage masa da su aka sayi tayoyi, aka canza man burki, aka zuba ruwan lagireto na gaskiya. Hoton sandar awo dai har yanzu yana turowa, amma ya koma sau ɗaya a wata.