Notin da aka yi shi don ya karye

Shekara biyu da Masta ya yaye ni a Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi a ƙasar Ghana, wani Alhaji mai gonar masara a Ejura ya aiko in zo in duba masa injin watsa taki. Tsohuwar tirela ce da tarakta ke ja, sai da ta gama cin zamaninta a Turai sannan aka kawo ta nan. Watan Maris ne, ruwan shuka na hanya, ga kashin kaji tuli guda da ya sayo daga gidajen kajin kewayen Kumasi. Na saɓa jakar sifana na hau motar da ke bi ta Mampong, ina ji da kaina.

Ga wanda bai taɓa ganinta ba: a daɓen tirelar akwai sarƙa biyu, hagu da dama, da sandunan ƙarfe a gicciye tsakaninsu. Su ke jan taki sannu a hankali zuwa baya, inda wasu sanduna masu haƙora ke juyawa suna fesa shi. Ƙarfin duka daga tarakta yake fitowa, ta sandar PTO, wato sandar da ke haɗa bayan tarakta da tirelar, mai juyi 540 a minti, ya ratsa giyabos.

Ƙorafin Alhaji shi ne sarƙar da ke juya sandunan baya tana tsalle. Na ga ta saki, na sayo sabuwa na ɗaura, na karɓi kuɗina. Ban ko tsuguna na kalli sufroket ɗin ba, wato faifan ƙarfe mai haƙora da sarƙar ke zagayawa. Da na kalla, da na ga haƙoransa sun lanƙwashe kamar farcen shaho. Ku yaran gareji, sarƙa ba roba ba ce, ba miƙewa take yi ba. 'Yan ƙusoshin cikinta ne ke cinyewa, tazarar gaɓoɓin ta ƙaru, ita kuma ta sassaƙe haƙori daidai da sabon tsawonta. Tare suke tsufa. Ka ɗora sabuwa kan tsohon haƙori, shi zai cinye ta. Ka kama sarƙar a inda ta zagaye sufroket ka ja ta waje: in ta ɗago har ka hangi kusan rabin haƙori, ta gama aiki. Ko ka jera ta da sabuwa, gaɓa ɗaya da gaɓa ɗaya. In ta ƙaru da kashi 3 cikin 100, a canza su duka biyun.

Wannan ƙaramin laifi ne. Babban yana tafe.

Kwana tara aka sake kirana. Akwai wani ɗan noti a sandar PTO da ya karye sau uku a yini ɗaya. Alhaji ya tare ni tun daga bakin gona.

"Ɗana, wane irin gyara ka yi mini? Ga hadari, ga ma'aikata zaune ina biyansu."

"Baba Alhaji, ka kwantar da hankalinka. Yau zan sa wanda ba zai ƙara karyewa ba."

Na cika alkawari kuwa. Na lalubo notin mota mai lamba 10.9 a kansa, ƙarfe mai taurin tsiya, na ɗaure tamau. Direba ya tayar, tirela ta yi tafiyar da ba ta kai tsawon filin ƙwallo ba, sai muka ji ƙau! Tarakta ta yi tari. Mai ya fara tsiyaya daga giyabos, baƙi, yana bin ciyawa. Da na buɗe, haƙoran giya huɗu na kwance a ƙasan man kamar tsakuwa, jikin akwatin ya tsage. Notina kuwa ko gezau. Gyaran gangar Auzinawa ke nan.

Wannan notin mai laushi da gangan aka yi shi haka. Aikinsa ya mutu a madadin giyabos, kamar fis a wutar lantarki. In ya karye sau ɗaya, wataƙila dutse ne ya shiga. In ya maimaita, magana yake yi maka: wani abu ya cije. Washegari da na natsu na zare sarƙa na juya kowace sanda da hannu, sai na tarar da boris ɗaya, zoben da sanda ke juyawa a cikinsa, ya daskare, ruwan taki ya shiga ya cinye shi, an yi shekaru bai ga giris ba. A ƙarƙashin daɓe kuma kashin kaji da garin katako sun bushe sun zama kamar siminti, sun riƙe sarƙar hagu. Aikin rabin yini ne da kuɗin boris ɗaya, da tun farko na nema.

Kunya ta hana ni zuwa wurin Masta, sai na ƙara wani laifin. Na yi wa tsagar walda da sandar walda ta yau da kullum. Akwatin ƙarfen zubi ne, ba ya son haka. Yana hucewa na ji tas, sabuwar tsaga ta fito gefen ta farko. Sai a lokacin na ɗauke shi zuwa Suame. Masta ya juya shi, ya dube ni, bai ce uffan ba. Ya huda ɗan rami a ƙarshen kowace tsaga don kada ta ci gaba, ya gasa akwatin gaba ɗaya, ya yi waldar da sandar nikel kaɗan-kaɗan yana bubbugawa da ƙaramar guduma, sannan ya binne shi cikin toka ya kwana. Giyar kuwa sai da muka yi kwana uku muna tonon tsofaffin ƙarafa kafin mu sami mai adadin haƙora daidai. Duk daga aljihuna.

Af, kada in manta. Kada ka kusanci sandar PTO tarakta na kunne, balle da riga mai faɗi. Kashe inji, zare makulli, sa a aljihunka.

Alhaji ya yi shuka a makare, amma bai sallame ni ba, har yau ni ke duba masa tirelar. Duk ƙarshen aiki sai na sa an kankare daɓen, an wanke, an shafe sarƙoƙin da baƙin mai, na daidaita ɗaurin hagu da dama don kada sandunan su karkace. Sannan in ɗaura wata 'yar leda a jikin tirelar, da noti biyar masu laushi a ciki, in ja wa direba kunne: in na biyu ya karye a rana ɗaya, ya kashe tarakta ya kira ni.